Yadda Taliyar Ƙwai Ta Kusa Koro Ni Daga Caina

Kwana biyu da saukata a Guanzo, mutumin da aka danƙa ni a hannunsa ya ce in jira shi a ƙofar masauki, zai je ya karɓo mana tikitin jirgin ƙasa. Har yau bai dawo ba.

Sunansa Sambo, ɗan ƙasarmu ne da ya daɗe a can yana dillanci. Kawuna Sale ne ya samo shi ta waya. Kawu Sale fataucin riɗi yake yi a Lafiya, yana saye daga manoman Doma da ƙauyukan Agyaragu ya sayar wa masu fita da shi waje. Kukansa kullum ɗaya ne: riɗi ya zo da yashi da tsakuwa da ƙaiƙayi, masu saye su yi ta raina kayan, wani lokacin ma su dawo masa da su. Shi ya sa suka haɗa ƙarfi shi da abokansa biyu suka yi odar injin tace riɗi. Kamfanin da ke ƙera injin ya ce a turo mutum ɗaya ya zauna wata biyar ya koyi haɗa shi da gyaransa. Ni kuma bakanike ne, shekarata takwas ina gyaran keke napep da janareto a bakin hanyar Makurdi, sai aka ce ni zan je. Sambo ya yi alkawarin raka ni har kamfanin, ya zama tafintana na sati biyun farko. An biya shi kuɗinsa tun kafin in taso daga gida.

Na tsaya a ƙofar nan tun hantsi har la'asar. Wayarsa a kashe. Ina cikin kiran Kawu ina gaya masa halin da nake ciki, sai wata mata mai jan babbar jaka ta tsaya ta zuba mini ido.

"Ɗan'uwa, kai daga ina?"

Na ce daga Lafiya.

"Wane Lafiya? Lafiya namu?"

Madam Ladi ke nan, 'yar Eggon, tana da shagon takalma a kasuwar garinmu, zuwanta na shida ke nan saro kaya. Da na faɗa mata sunan Sambo sai ta yi tsaki.

"Mai haƙorin zinari? Ka manta da shi. Ba kai ne na farko ba. Ɗauki jakanka mu tafi."

Ita ta kai ni tasha, ta nuna wa mai tikiti takardar kamfanin, ta sa mini manhajar fassara a waya, ta koya mini yadda zan yi magana a ciki wayar ta juya ta zuwa yarensu. Sannan ta kama tafin hannuna ta zana wata alama da biro.

"Wannan shi ne alade a rubutunsu. Ka gan shi, ka gudu. Amma in gaya maka gaskiya, ko ba ka ga nama ba, man shi yana iya zama cikin tukunya. Ni ina ci, ba ruwana. Kai ne nake ji."

Ta shiga wani kanti ta fito da ƙunshi uku na busasshiyar taliya, launinta rawaya-rawaya, an naɗe ta kamar sheƙar tsuntsu. Ta ce taliyar ƙwai ce, fulawa da ƙwai da gishiri, babu komai bayan su. Ta ce in riƙe ledar in ta ƙare in nuna a kowane kanti za a ba ni irinta. Ban sake ganin Madam Ladi ba sai bayan na dawo gida. Alheri ta yi mini, kuma ban taɓa ɗora mata laifin abin da ya biyo baya ba. Ita guzurin hanya ta ba ni, ni na mayar da shi abincin wata uku.

Jirgin ƙasan ya yi ta gudu da mu wuni guda. Ban iya kawar da kai daga taga ba. Gonaki an yanka su daidai kamar da ma'auni, gadoji a kan gadoji, sai kuma dogayen rumfunan leda da aka ce kayan lambu ake shukawa a ciki. A ƙarshen kowane tarago akwai famfon tafasasshen ruwa, mutane na layi suna tsiyayawa a kan taliyarsu. Wani tsoho da ke kusa da ni ya ɓare ɗan ƙaramin lemo ya miƙo mini rabi. Na dafe ƙirji na girgiza kai, irin kunyar da aka koya mana ta ƙin karɓar abin hannun baƙo. Ya sake miƙowa, na sake ƙi. Ya cinye abinsa yana kallona kamar mai tausaya mini.

Kamfanin yana bayan wani gari ne a tsakiyar ƙasar, gonakin alkama sun kewaye shi. Sanyi ya fara shigowa lokacin da na isa. Aka ba ni ɗaki a benen ma'aikata da butar lantarki, aka haɗa ni da wanda zai koya mini aiki, wani gajeren dattijo da ba ya rabuwa da gorar shayi. Oga Li nake kiransa. Ba ya jin Turanci, ni ba na jin yarensa, wayar kuma wani lokacin ta juya magana ta zama shirme. Ranar farko ya ce in miƙo masa sifana, wayar ta ce in miƙo masa kaza. Daga baya muka ajiye ta muka koma nuni da hannu. Ƙarfe dai yarensa ɗaya ne ko'ina. In ya ɗora tafin hannuna a jikin injin ya sa na ji yadda yake rawa, na san boris ne ya ci, shi ma ya san na sani.

Matsala ta taso ne a ɗakin cin abinci. Na shiga layi da tirena, na hango mai dafuwar tana juya komai a cikin wani ƙaton kasko guda ɗaya: nama ya fita, ganye ya shiga, ganye ya fita, wani naman ya shiga. Ta zuba mini shinkafa, ta ɗora wani abu kore da ban taɓa gani ba, kai ka ce an sassaro kawunan ƙananan itatuwan ɗorawa an tara. Yana ƙyalli da mai. Na tuna maganar Madam Ladi. Na ajiye tiren a hankali na fita.

Mai dafuwar ta bi ni da ido har ƙofa. Dattijuwa ce mai faffaɗar fuska, kowa na kiranta Ayi. Na ɗauka sunanta ne, har na yi mamaki, don ƙanwar Innata ma A'i muke ce mata. Daga baya na gane kalmar tana nufin goggo ne a yarensu. Tun daga ranar in muka haɗu sai ta kawar da kai. Ta ɗauka ƙyamar girkinta nake.

Na koma ɗaki na jiƙa taliyata. Da safe taliya da shayi, da rana taliya da dafaffen ƙwai, da yamma taliya da yajin da Inna ta daka mini. Kilishin da na zo da shi ya ƙare a sati na biyu. An gaya mini akwai gidan abincin Musulmi a cikin gari, na je sau ɗaya, na hau bas biyu, na ɓace a hanyar dawowa har sai da wani ɗan sanda ya kira kamfanin. Ban sake gwadawa ba. Kantin da ke bakin ƙofar kamfani kuwa kayan leda da na gwangwani kawai yake sayarwa, taliyata na nan a kan kanta kullum. Kuma gaskiya ta riƙe ni. Ina ƙoshi, ina ɗaga ƙarfe, har wandona ya fara matse ni. In Inna ta kira ta ce, "Haruna, kana dai cin abinci ko?" sai in juya mata kyamara ta ga kumatuna. Ta ce alhamdu lillahi, ƙasar ta karɓe ni.

Abin da ya fara zuwa shi ne taurin ciki. Sai in kwana uku ban zagaya ba. Na ce canjin ruwa ne. A wata na uku gajiya ta sauko mini, irin wadda barci ba ya maganinta. Hawa benen ɗakina sai na tsaya sau biyu. Gwiwoyina suna ciwo kamar na tsoho. In na yi burushi in ga jini, in na ciji burodi in ga shatin jini a jiki. Dasashina ya kumbura ya yi duhu. Wasu ƙananan jajayen ɗigo suka fito mini a ƙwauri, kowane ɗaya a gindin gashi. Sannan gefen rariyar inji ya yanke ni a bayan hannu, ɗan yankan da a gida kwana huɗu ya isa ya bushe, ya yi sati uku yana tsattsafo.

Ban gaya wa kowa ba. Zuciyata ta je wurare da yawa. Na yi tunanin mugun ciwon jini, na yi tunanin ko wani ne a gida bai ji daɗin zaɓata da aka yi ba. Na ƙara yawan addu'a, na ƙara yawan taliya, don a ganina rashin ƙarfi yunwa ce.

Ranar da asirina ya tonu muna gwada wani sabon inji ne da riɗi na gaske. Na sa hannu ina duba hasken ƙwayar, sai Oga Li ya damƙe wuyan hannuna. Jini ya ɓullo ta cikin filasta ya ɗiga a kan farin riɗin. Ya kashe injin. Ya nuna bakina ya ce in buɗe. Da ya gani sai ya ja da baya.

Kafin azahar aka kira ni ofishin manaja. Wayar ta fassara maganarsa sarai a wannan karon, lokacin da na so ta yi shirme. Injinan abinci suke ƙerawa, ba za su bar mai zubar jini ya taɓa su ba. In ciwo ne mai yaɗuwa ko mai tsanani, za su mayar da ni gida a satin. Wata biyun da suka rage su ne na haɗa wayoyin wuta da saita iska da rariyoyi, wato ainihin abin da ya kawo ni. Injin Kawu ya riga ya hau ruwa. In na koma a haka, zai iso Lafiya ya zauna cikin akwatinsa, mutum uku da suka dogara da ni su yi ta kallonsa.

Oga Li ne ya kai ni asibiti a bayan babur ɗinsa. Likitar matashiya ce, tana ɗan jin Turanci. Ta danna dasashina da auduga, ta duba ƙwaurina da fitila, ta sa aka ɗebi jinina. Da muka koma karɓar sakamako sai ta ajiye takardun ta haɗa hannu.

"Gaya mini abin da ka ci jiya."

Na faɗa mata.

"Shekaranjiya fa?"

Na ce shi ne dai.

"Tun yaushe?"

Na ce tun da na zo.

"Ganye? 'Ya'yan itace? Ko tumatir?"

Na ce babu. Ta juya ta gaya wa Oga Li wani abu, ya dafe goshi. Ta ce a littafi kawai ta taɓa karanta ciwona, ciwo ne da ke kama matuƙan jiragen ruwa na zamanin da, masu yin watanni a teku ba ɗanyen abu. Ba ya yaɗuwa, kuma maganinsa yana kasuwa. Bitamin C ne ya ƙare a jikina.

Tsoro na sauka sai son sani ya taso mini. Ni mutum ne da ba na iya mayar da murfin inji ban ga abin da ya lalace ba. Na ce, "Likita, to amma ina ƙoshi. Na ma yi ƙiba. Kuma akwai ƙwai a cikin taliyar."

Ta ce ƙoshi daban, wannan daban. Taliyar ƙwai yawancinta sitaci ne, shi ke ba ni ƙarfin ɗaga ƙarfe. Tana da ɗan abin gina jiki daga alkama da ƙwai, da ɗan maiƙo. Abinci ne na gaske, ba ta raina ta ba. Amma bitamin C babu shi a cikinta, babu shi a ƙwai, babu a burodi. Jikin mutum kuma ba ya ƙera shi, ba ya kuma iya ajiye shi da yawa. Shi ne ke taimaka wa jiki yin abin da ke riƙe nama da jijiyoyin jini da dasashi, shi ya sa da ya ƙare komai ya fara saki, ciwo ya ƙi haɗewa. Taurin cikin kuma, ta ce fulawar an cire mata dusa, babu abin da zai tura abinci a hanji.

Ta buɗe wayarta ta nuna mini hoto. Ƙananan itatuwan nan ne na ɗakin cin abinci.

"Burokoli. Ana dafa shi a kamfaninku?"

Na ce kusan kullum.

"Wata uku maganinka yana wuce ka a tire."

Ta rubuta mini ƙwayoyi, ta rubuta wa manaja takarda. Aka ba ni sati biyu: in hannun ya warke in koma aiki, in bai warke ba in tafi.

A hanyar dawowa ina bayan Oga Li iska na dukan fuskata, na yi ta lissafa abin da nake ci a Lafiya ban taɓa kiransa abinci ba. Lemon da matan Tibi ke ɓarewa a bakin garejinmu, mutum ya tsotsa ya yar yana hira. Mangwaro da in lokacinsa ya yi har tsana yake sawa. 'Ya'yan kashu da muke tsinka a hanyar Doma, gwaiba, kwaɗon zogale da na rama da ake sayowa da la'asar don kawai baki ya motsa, ɗanyen tumatir da albasa a kan tsire. In an tambaye ni me na ci, tuwo zan ce ko sakwara. Sauran a wurina wasa ne. Ashe wasan nan ne ke riƙe da haƙorana. Na tuna tsohon jirgin ƙasa da rabin lemonsa, na ji kunya ta kama ni.

Washegari da na fito sai na tarar da Ayi a ƙofar ɗakina. Oga Li ya ba ta labari, ya kuma gaya mata dalilin da ya sa ba na cin girkinta. Ba ta yi murmushi ba. Ta kama hannun rigata ta ja ni har kicin. A kan tebur akwai sabon kasko, takardar kanti na manne a gindinsa, da sabuwar wuƙa, da sabon katakon yanka. Ta ɗauko kwalbar mai da ba a buɗe ba, ta nuna mini hoton gyaɗa a jiki, ta miƙo mini in fasa murfin da hannuna. Sannan ta ɗaura jan zare a mariƙin kaskon, ta juya ta yi wa masu taya ta aiki magana da ƙarfi tana nuna shi. Ban buƙaci fassara ba. Ta ciro wayarta ta yi magana a ciki ta kanga mini a kunne.

"Me ya sa ba ka faɗa ba? Kana da baki."

Na ce ta yi haƙuri.

Da na sa burokolin a baki na ji shi kamar ɗan'uwan kabeji, sai dai ya fi shi garɗi, kansa kuma yana shan miya kamar soso. Na cinye, na ƙara. Cikin 'yan kwanaki, da shi da ƙwayoyin, jinin baki ya tsaya, gajiyar ta fara ɗagawa, cikina ya saki.

Nan kuma na yi wautata ta biyu. Na ɗauki gaba da taliya. Na ce abin da ya kusa kashe ni ba zai sake shiga bakina ba, har shinkafa na haɗa da ita. Ranar Lahadi da Ayi ba ta aiki na karɓi burokoli cike da leda na tafasa shi a butata har ya yi laushi ya koma launin miyar kuka, na zubar da ruwan na cinye. Sauran ranaku in ta zuba mini abinci in ture farin in cinye koren. Kwana biyar na yi a haka. Cikina ya cika da iska, in na zauna a waje ina kallon masu aiki sai ya yi ta ƙugi har ana waigowa. Ga yunwa ba ta barina, in ci kwano guda, kafin awa ɗaya kamar ban ci ba. A rana ta biyar na sunkuya zan taya wani ɗaga akwatin kayan aiki, na miƙe, duniya ta juya. Na farka a zaune a ƙasa, Oga Li na ɗura mini shayi mai sukari.

Da na koma wurin likita na ba ta labari, ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce burokoli yawancinsa ruwa ne. Yana da bitamin C sosai, da wanda ke taimaka wa jini daskarewa, da wasu sinadarai masu amfani, da harzar da ke share hanji, amma ƙarfin da ke cikin babban kwanonsa bai kai na ɗan ƙaramin kwanon taliya ba. Mai aikin ƙarfe ba zai rayu a kansa ba. Na ce to wanne ya fi? Ta ce tambayar ce ba daidai ba, abin da ɗaya ke da shi ne ɗayan ya rasa. Ta ƙara da cewa tafasawar da na yi masa na zubar da ruwan, na zubar da rabin abin da nake nema, don bitamin ɗin yana bin ruwa kuma ba ya son doguwar wuta.

Ayi ba ta yi dariya ba ita. Ta tsayar da ni a gaban kaskona mai jan zare ta ce in kalla. Mai ya yi zafi, tafarnuwa ta shiga, burokoli ya shiga, ta yayyafa ruwa kaɗan ta rufe, kafin in gama gyara tsayuwa ta buɗe. Korensa ya ƙara fitowa, yana ƙaras-ƙaras. Ta juye dafaffiyar taliyar ƙwai a kai, irin tawa ta kanti, ta juya sau uku ta tura mini. Ta tsaya a kaina da ludayi har na ga ƙarshen kwanon. Na ɗauko yajin Inna na barbaɗa, ta lakata ta ɗanɗana, ta yi tari, ta sake lakata.

Ranar da sati biyu suka cika na ɓare filasta a gaban manaja. Wurin ya haɗe, sai ɗan tabo. Oga Li ya miƙo mini abin gwada wuta ya wuce gaba.

Wata biyun nan su ne mafi daɗi a zamana. Na koyi saita iska yadda za ta ɗauke ƙaiƙayi ta bar ƙwaya, na koyi jin bambancin ƙarar rariyar da ta toshe da wadda ta yage. Asabar da safe kuma Ayi ta kan ɗauke ni a babur ɗinta mu je kasuwar kayan lambu. Na zama kamar mai koyon magana, komai na gani sai na tambaya. Na ga alayyafo irin namu sak, na ga kabeji kala huɗu, na ga farin ɗan'uwan burokoli. Na nuna mata hoton zogalen gidanmu na ce muna cin ganyensa, ta ƙura masa ido ta ce bishiya guda? Na ce har da furen. Da yake na taɓa ce mata burokolinsu kamar itace yake, ta ce mu ne ke cin itace ke nan, ba su ba. A can ne ta gaya mini tana da ɗa ɗaya, sa'ana, yana aiki a wani gari mai nisa, sau ɗaya yake zuwa a shekara. Ta ce ba ta san wa ke dafa masa abinci ba.

Ranar da zan tafi ta ba ni wata 'yar takarda a naɗe, irin burokoli ne a ciki, ƙanana baƙaƙe kamar na kabeji. Kaskon kuma ta ce zai zauna a rataye, ko wani irina zai zo.

Injin Kawu ya riga ni isowa da sati uku. Na haɗa shi cikin kwana tara a sitonsa, ranar da riɗi ya fara zubowa fari tas Kawu ya cika tafinsa ya yi ta kallo. Irin kuwa na kai wa wani abokina mai lambu a bakin rafi a Doma, muka shuka da sanyi ya shigo. Zafin ƙasarmu bai yi masa ba. Yawanci ganye kawai suka yi, wasu suka yi fure tun ba su kai ko'ina ba. Guda huɗu ne suka yi kai, kowanne bai fi dunƙulen hannu ba. Na kawo wa Inna mafi kyau.

Sai a ranar na ba ta labarin duka, da jinin, da ofishin manaja, da kaskon. Ta juya abin a hannunta, ta shinshina.

"Wannan ne ya tashe ka?"

"Shi ne, Inna. Da matar."

"Kana nuna mini kumatu ashe haƙoranka na shirin zubewa." Ta ajiye burokolin. "Kira mini ita."

Na ce ba za su ji juna ba, sai dai ta yi magana wayar ta fassara. Ta karɓi wayar ta fara. Ta gaishe ta, ta gaida mai gidanta da ɗanta, ta yi godiya, ta yi addu'a, ta koma ta ba ta labarin yadda tun ina yaro nake tsince ganye daga miya ina ajiyewa a gefen kwano. Maganar ta yi tsawo, manhajar ta rikice ta kasa. Na tura muryar haka nan yadda take.

Bayan la'asar amsa ta shigo. Muryar Ayi ce, doguwa, da yarensu, tana hawa tana sauka, a tsakiya har da dariya. Na miƙa hannu zan karɓa in nemi fassara, Inna ta buge mini hannu. Ta kanga wayar a kunne ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai, ta ce in sake kunna mata, ta sake saurara.

Na ce, "Inna, me kika ji?"

Ta miƙo mini wayar ta ɗauki wuƙa.

"Ta ce kana da taurin kai. Miƙo mini tafarnuwa."